Ƙarami ko Riƙaƙƙiya: Kundin Kiwon Macijin Bowa a Kaduna

2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe a shirin da na daɗe ina yi na ajiye macijin bowa a gida. Shekara 11 ke nan ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma ɗakin da ke bayan gidanmu a Malali, wanda a da nake kiwon tattabaru a ciki, ya fi shekara a rufe.

Duk wanda na nuna wa hoton macijin sai ya ce mesa ce, kuma ba na ganin laifinsa, domin dukansu ba su da dafi, naɗe abin da suka kama suke yi su matse shi. Amma mesarmu ta Afirka ƙwai take sakawa ta kwanta a kansu, tana kuma iya haura mita 4, ita kuwa bowa 'ya'ya take haifa da ransu, asalinta kuma Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu ne. Irin da aka fi kiwo, wanda masana ke kira Boa imperator, macen takan kai mita 2 zuwa 2 da rabi, namijin kuma bai cika kai ta ba. Idan an kula da su sukan yi shekara 20 zuwa 30.

Tayi biyu ne a gabana. Na farko riƙaƙƙiyar mace ce a Barnawa, wadda mai ita zai bar gari, yana neman naira dubu 350 har da kejinta. Na biyu ɗan ƙaramin namiji ne da aka haifa a watan Mayu wurin wani mai kiwo a Legas, a kan naira dubu 220, ban da kuɗin kawowa. A yau dai zuciyata ta fi karkata ga babbar, saboda girmanta ya riga ya bayyana, halinta ya zauna, kuma babban maciji ya fi ƙarami jure kuskuren sabon hannu.

6 ga Nuwamba

Na sanar da Hajiya da uwargida. Hajiya ta dube ni ta ce, "Duk karatun nan da ka yi, ashe gardi za ka koma?" Na yi mata bayanin cewa ba shi da dafi, ta ce ita ba ta san maciji mai takardar shaida ba. Uwargida ta gindaya sharuɗɗa uku: ɗakin ya kasance da kwaɗo, mabuɗin yana hannuna, ɓera kada ya kusanci firizar gida, kuma autarmu mai shekara uku kada ta taka ƙofar. Sharaɗi na uku ni ma da shi na zo, domin macizai da ƙadangaru sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ba tare da sun nuna wata alama ba, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta fi yi wa illa.

9 ga Nuwamba

Na je Barnawa da la'asar tare da ƙanena. Gani ya kori ji. Kejin yana cikin gareji, tsawonsa bai wuce mita 1 da rabi ba, macijiyar kuwa da muka bi jikinta da igiya muka auna igiyar, ta kai mita 2 da santimita 30. Mun same ta a naɗe cikin bahon ruwanta, mai gidan ya ce wanka take so, kwana da kwanaki takan yi a ciki. Da aka fito da ita na leƙa bahon, sai na ga baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa masoro a ƙasan ruwan. Na shafa farin hankici a bayanta, na ga ɗigon suna motsi a kan kyallen, na kuma same su a gefen idonta da cikin tsagar da ke ƙarƙashin haɓarta. Ƙwarin fata ne masu shan jini, kamar ƙananan kaska, kuma don gudunsu take zaman ruwa.

Halinta dai babu abin cewa. Ta bi hannuna a hankali tana zaro harshe, ba ta yi huci ko sau ɗaya ba. Sai dai da ta naɗe wutsiyarta a damtsena domin ta sami abin riƙewa, na ji ƙarfin da ban taɓa ji a jikin wata dabba ba, sai da ƙanena ya warware ta daga wajen wutsiya. Nan na fahimci dalilin da ya sa masu kiwo ke cewa kada mutum ya ɗauki maciji mai wannan girma shi kaɗai, kada kuma ya rataya shi a wuya. Ni kuwa a gidana babu babban da zai yarda ya riƙe mini wutsiya.

Lafiyayyar bowa jikinta yakan yi kusurwa huɗu kamar burodin gwangwani. Wannan ta yi zagaye sumul, fata tana leƙowa tsakanin ɓawon jikinta, alamar an cika ta da abinci. Mai ita ya ce kaza yake ba ta kowane mako, alhali babba irinta ciyarwa ɗaya a mako uku ko huɗu ta ishe ta. Na tambayi shekarunta, ya ce bakwai ne ko takwas, shi ma a hannun wani ya saye ta, wancan kuma bai san inda ya samo ta ba. Takarda babu. Ya ce, "Malam, in don kuɗi ne zan rage maka dubu 50." Na ce ya ba ni mako biyu.

Da muka dawo, tun a zaure na tuɓe rigar na jiƙa ta da ruwan zafi, domin ƙwarin nan suna bin tufafi.

12 ga Nuwamba

Na yi waya da wani abokin karatuna, likitan dabbobi a Zariya. Ya ce ƙwarin ana iya kawar da su da haƙuri, abin da ya fi damunsa shi ne wata cutar bairos da ke kama bowa da mesa, wadda a littattafan likitanci ake taƙaita sunanta da IBD. Bowa takan ɗauke ta wata da watanni, har shekaru, ba a gani, daga baya ta fara amai, ta rame, ta riƙa ɗaga kai tana kallon sama, idan an kifar da ita ta kasa juyowa. Ba ta da magani, ana kuma zargin ƙwarin nan da yaɗa ta. Macijiyar da ta ratsa hannu uku, ba a san da waɗanne macizai ta zauna ba, sayenta sayen kifi a ruwa ne ko da mutum ya riƙe ta a hannunsa.

Sai maganar doka. Dangin bowa suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 domin sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya tana cikinta, tana da tata dokar ta 1985 a kan haka. Ke nan duk bowar da ta shigo ƙasar nan ya kamata a ce da izini ta shigo. Mutumin Legas ya turo mini hoton takardun da iyayen ƙaramin suka shigo da su, da hoton ranar haihuwa, 'ya'ya 19 cikin majinar haihuwa, da jadawalin duk abin da wannan ɗin ya ci tun daga saɓarsa ta farko.

16 ga Nuwamba

Kwana biyar ina auna ɗakin. Da rana ma'aunin zafi yana nuna digiri 29 zuwa 30, da asuba yana sauka zuwa 20, alhali hunturu bai kankama ba. Laimar iska ta tsaya wajen kashi 30 cikin 100. Bowa tana bukatar gefe mai ɗumi na digiri 30 zuwa 32, da gefe mai sanyi da ba ya ƙasa da 25, da laima ta kashi 60 zuwa 70. Da damina Kaduna za ta ba ni wannan kusan kyauta, amma daga Disamba zuwa Fabrairu sai na saya da wutar lantarki, ga shi a unguwarmu an fi ɗauke wuta da dare.

Na zauna na yi lissafi. Robar da za ta ishi ƙarami, 'yar tabarmar ɗumi mai wat 20 ta ishe ta, wato wat-awa 200 a daren awa 10. Kejin da ya dace da babbar, mai tsawon aƙalla mita 1 da santimita 80, ba zai ɗumamu da ƙasa da wat 100 zuwa 150 ba, wato wat-awa 1,000 ko fiye. Batirin inbatar gidanmu mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200 a takarda, rabin haka kawai ake iya ja idan ba a so a kashe shi, kuma a kansa fitilu da cajin waya suke. Babbar ta fi ƙarfin batirina tun kafin ta shigo gidan. Na yi mamakin yadda na shafe watanni ina kwatanta hali da kyan zane, ban taɓa tambayar wace ce zan iya ɗumamawa da ƙarfe 3 na dare ba.

23 ga Nuwamba

Na kira mutumin Barnawa na ba shi haƙuri, na kuma faɗa masa gaskiya game da ƙwarin, na ba shi lambar likitan. Na tura rabin kuɗin ƙaramin Legas.

Ba na yaudarar kaina cewa ƙarami ba shi da nasa aibin. Ya fi saurin bushewa, ya fi saurin kamuwa da sanyi, yakan yi huci da sara saboda tsoro, kuma ramin da ɗan yatsa zai shiga shi ma zai fita ta nan. Ƙanena ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce maciji ba ya tanƙwaruwa kamar kare, iyakar abin da zai koya shi ne hannuna ba abin tsoro ba ne. Abin da na saya a wurin ƙarami shi ne tarihi sananne da kuma lokaci, domin kafin ya kai girman da zai bukaci babban keji, shekara uku ko huɗu, ni ma hannuna ya faɗa.

Kashe-kashen yau: babbar roba mai murfi da maƙalai daga Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, dubu 14. Teburin ƙarfe da wani mai walda ya haɗa mini a Panteka, dubu 28. Kwaɗo da ragar taga, dubu 9. Tabarmar ɗumi da na'urar daidaita zafi da ma'aunai biyu, waɗanda za su zo tare da macijin, dubu 61. Na huda robar da ƙusa mai zafi a gefe biyu, ramuka ƙanana.

30 ga Nuwamba

Na ɗauko fararen ɓeraye daga wani mai kiwonsu a Samaru, mata huɗu da namiji ɗaya na haihuwa, da matasa shida na ciyarwa, duka dubu 19. Wani maƙwabci ya yi mini tayin ɓerayen rumbunsa kyauta, na gode masa na ƙi, domin kusan kowane gida a layinmu ana zuba shinkafar ɓera, kuma ɓeran da ya ci guba zai kai ta cikin macijin. Ɓeran kiwo cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne, saboda haka zuwa Janairu zan daina saye.

7 ga Disamba

Ya iso cikin jakar atamfa ɗaurarriya a cikin kwali. Tsawonsa santimita 62, nauyinsa giram 138 a sikelin kicin da na saya masa shi kaɗai. Launinsa toka-toka, da baƙaƙen sirdi a gadon baya waɗanda suke komawa ja wajen wutsiya. Na shimfiɗa farar takarda a robar domin in ga ko ƙwaro ɗaya ne idan ya faɗo, na sa ƙaramin kasko a kife a kowane gefe da ƙofar da na fasa masa, da kwanon ruwa mai nauyi. Ya yi huci sau biyu ya shige kaskon. Ba zan taɓa shi ba sai bayan mako guda. Cikon kuɗi da kawowa, dubu 135.

14 ga Disamba

Ya ci na farko, ɓera mai giram 14, wanda na kashe nan take na miƙa masa da dogon hantsaki. Ba na ba shi mai rai, domin ɓera yakan ciji maciji ya yi masa rauni. Takarda fes, babu ƙwaro.

21 ga Disamba

Ya ci na biyu. Ya yi kashi lafiya. Asuba digiri 17 a ɗaki, 30 a gefen ɗumi.

31 ga Disamba

Ya yi amai, kuma laifina ne ta fuska biyu.

Ranar 28 ga wata na ba shi ɓera mai giram 24, saboda matasan da na ajiye sun girma kuma na ji ƙyashin barinsu. Ya haɗiye da ƙyar, tsakiyarsa ta yi tulu fiye da yadda ya kamata, domin ƙa'ida ita ce kada kaurin abincin ya wuce kaurin tsakiyar macijin. A daren 29 aka ɗauke wuta tun magariba. Muna da baƙi daga Funtuwa, aka kunna talabijin da fitilu a kan inbata har tsakar dare, ni kuma na kwanta ban duba batirin ba. Da na shiga ɗakin bayan sallar asuba, fitilar na'urar a mace, ma'aunin cikin robar yana nuna digiri 19. Na ɗora ruwa, na cika goruna biyu, na naɗe su da tawul na jingina a jikin robar ta waje, zuwa hantsi zafin ya koma 28. Na ɗauka an tsira.

Yau da safe wari ne ya tarye ni tun daga ƙofa, wari irin na mushen da ya kwana a kwata. Ɓeran yana gefen kwanon ruwa, rabi a narke, lulluɓe da majina. Maciji ba ya samar da zafin jikinsa, da ɗumin wurin da yake kwance yake narkar da abinci, idan ɗumin ya yanke sai abincin ya fara ruɓa a cikinsa kafin ya narke, dole ya fitar. Na san wannan, ina koyar da shi a aji kowace shekara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na tuna amai yana cikin alamun farko na cutar da na guje wa babbar saboda ita. Na kira likitan. Ya sa na kwantar da shi a bayansa a kan tebur, ya juyo nan take, ya sa na duba bakinsa da hancinsa, babu kumfa, babu ƙara a numfashi. Ya ce tunda ga dalili a fili, babban abinci da daren sanyi, kada in nemi wani, amma in rubuta komai. Umarninsa shi ne kada a ba shi abinci har mako biyu, kada a ɗauke shi, ruwa sabo kullum, sannan a dawo da ɓeran da bai kai rabin wancan ba. Ya gargaɗe ni cewa amai na biyu a jere shi ne yake kashe ƙanana, kuma yawanci gaggawar mai kiwo ce take jawo shi. Nauyinsa yau giram 141.

A nan dai babbar ta fi. Riƙaƙƙiyar bowa mai kilo 10 ba za ta huce da sauri haka a dare ɗaya ba, kuma ko ta yi amai tana da kitsen da za ta jira da shi. Wannan kuwa jikinsa bai fi kaurin babban yatsana biyu ba.

3 ga Janairu, 2025

Na sayi ƙaramin batiri mai amfiya-awa 40 da 'yar inbata, na ware su ga ɗakin maciji kaɗai, dubu 88. Na kewaye robar da farin soson da ake tallafe firiji da shi a kwali, ta ƙasa da gefe uku. Uwargida ta ce, "Abban yara, wannan ɗan naka ya fi mu gata." Ban sami amsa ba.

9 ga Janairu

Ɗaya daga cikin ɓerayen ta haifi tara, ta cinye huɗu a daren da kwalbar ruwansu ta toshe. Na sauya kwalbar. Macijin idanunsa sun yi fari-shuɗi, launinsa ya dushe, saɓa ta kusa.

16 ga Janairu

Saɓar ba ta fita lafiya ba. Maimakon ta zare gaba ɗaya kamar safa, gutsi-gutsi ta fito, ta bar wani yanki a wuya da zobe a ƙarshen wutsiya. Ma'aunin laima yana nuna kashi 35 a cikin robar, 16 a ɗaki, ƙurar hunturu ta rufe gari har ba a hango ƙarshen layi. Zoben wutsiya ne abin tsoro, domin idan ya bushe yakan datse jini har ƙarshen wutsiyar ya mutu. Na sa shi cikin wata ƙaramar roba da jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi na minti 30, sannan na bar shi ya ratsa tawul ɗin a hannuna, fatar ta bi kyallen. Na duba gutsattsarin da ya fito daga kai, na ga murfin idanu biyu a jiki, na yi hamdala.

A nan ne ya sare ni a gindin babban yatsa. Ɗigon jini shida ne a jere kamar an soka allura, na wanke da sabulu. Da haƙoran ta Barnawa ne, da wata maganar ake yi. Na toshe rabin ramukan robar, na matsar da kwanon ruwa kusa da gefen ɗumi, na sa jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa a cikin kasko ɗaya.

19 ga Janairu

Na jinkirta ciyarwa saboda saɓa, kwana 19 ke nan da aman. Ya karɓi ɗan ɓera mai giram 9. Sau biyu na tashi cikin dare ina duba ma'auni, 31 duka biyun.

24 ga Janairu

Ya riƙe abincin. Laima kashi 62.

1 ga Fabrairu

Ya ci giram 12 ranar 29. Na fara ɗaukarsa minti biyar, kwana uku bayan ciyarwa, ina fara taɓa shi da 'yar ƙugiya domin ya bambance lokacin hannu da lokacin abinci. Huci ɗaya, babu sara.

15 ga Fabrairu

Nauyi giram 163, tsawo santimita 66. Ciyarwa uku a jere babu amai, yanzu kowane kwana 10. Mako goma a kan farar takarda ban ga ƙwaro ba, amma zan cika wata uku kafin in sauya shimfiɗa zuwa ɓawon kwakwa.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau, har da abincin ɓeraye na dubu 11, naira dubu 475 ne, wato ya haura kuɗin babbar da kejinta da dubu 125, ko da yake ita da na ɗauko ta sai na sake keji, na sayi manyan batura, na biya magani. Likitan ya gaya mini wani mai kiwo a Abuja ya ɗauke ta, ya keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, ya rage mata abinci.

Matsalar da ke tafe kishiyar ta baya ce. A Maris da Afrilu zafin Kaduna yakan haura digiri 35, ɗakin kuma rufin kwano ne babu silin, kuma zafin da ya wuce kima ya fi sanyi saurin kashe maciji, tunda a cikin roba babu inda zai gudu. Kafinta ya yi mini kuɗin silin dubu 70, zai fara ranar Asabar mai zuwa. Zan sauke robar daga tebur zuwa daɓen siminti, in rage na'urar zuwa aikin dare kawai, in fara auna ɗakin da ƙarfe 3 na rana daga gobe. Zanen babban kejin, mita 1 da santimita 80 da ƙofar gilashi mai kwaɗo, yana cikin aljihun tebur, kuma na buɗe masa asusu ina jefa dubu 10 duk ƙarshen wata.